Fadamar Gishirin Batulu

Ƙauyen su Batulu yana can bayan Awe. Gabas gonakin doyar ƙabilar Tibi ne, yamma dutse, kudu kuma fadamar gishiri, wadda kowace mace take da yankinta a ciki. Na Batulu gadon uwarta ne, ita ma uwar gada ta yi.

Shekara arba'in ke nan da zarar rani ya kama sai ta kankare ƙasar, ta zuba a tukunya mai huji, ta tace da ruwa, ta dafa har gishiri ya tashi fari fat. Ƙawarta Hembadoon takan kawo mata doya ta karɓi gishiri. Da shi Batulu ta raini 'ya'ya biyar.

Sai ga wasu ma'auna ƙasa daga Lafiya, wai suna neman filin tashar mota. To da yaushe suka zo? Tsakiyar damina, don Allah! Lokacin da ruwa ya shafe fadamar, ba ka ganin komai sai ciyawa da kwaɗi. Ko akuyar garin ta san ba a duba fadamar gishiri a watan Agusta. Suka tsaya kan kwalta don kada takalmansu su ɓaci, suka rubuta cewa fili ne marar amfani.

Batulu ta bi su har gindin mota.

"Ranka ya daɗe, ku dawo da rani ku gani. Abincinmu ne a ƙarƙashin ruwan nan."

Babbansu ya yi dariya. "Mama, gishiri ai ya cika kanti."

Ka ji fa. Wanda bai san dawan garin ba shi ke raba gadonsa. Matan suka yi ta sintiri Lafiya, kullum a ce oga ya fita. Kafin ruwa ya janye, tifa ta gama juye jar ƙasa a kan fadamar. Abin takaici, har yau motar da ke tsayawa a tashar ba ta wuce biyu ba.

Da tulun gishirinta ya ƙare, Batulu ta sayi na leda, karo na farko a rayuwarta. A ranar ne Hembadoon ta kawo ziyara. Batulu ta ɗebi gishirin da hannu yadda ta saba ta watsa a miya, ba ta san ƙarfinsa ba. Miya ta yi zau, ba ta ciwuwa.

Hembadoon ta yi loma ɗaya, ta haɗiye da ƙyar, ta sake kai hannu don kada ƙawarta ta ji kunya. Batulu ta riƙe mata hannu.

"Bari, 'yar'uwa," in ji ta. "Yau ni Batulu ce ban san gishiri ba."