Tiyon Birki da Igiyar Takarkari

A gidanmu na Gwarzo akwai wani lungu tsakanin rumbu da ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba, inda take hura wutar kara bayan sallar isha'i. Takan tura gyaɗa cikin toka, wanda ya fi yin shiru shi ke samun ta fari. Ƙanena Habu, wanda take kira maigidanta, bai taɓa samu ba, don bakinsa ba ya rufuwa. Iya tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga wata can ta taso tun daga nesa." Mu ce, "Ta ƙaraso, mun yi mata shimfiɗa."

Babanmu direba ne. Yana da wata akori-kura da ta girme ni, da ita yake kwaso hatsi daga Getso da ƙauyukan Kabo, da ita muke ci. A shekarun da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kayan gyara na kamfani suka ɓace daga shaguna. A daidai lokacin ne tiyon birkin ƙafar gaba ya fashe. Ɗan guntun roba ne da bai kai kamu ɗaya ba, da kan ƙarfe a kowane gefe, shi ke kai man birki ga taya. Na riƙe shi a hannuna, na yi mamakin yadda wannan ɗan abu ya hana babban mutum barci.

Baba ya zaga Kano bai samu irinsa ba. Aka nuna masa masu haɗa tiyon tarakta da katafila, waɗanda ake kai wa tsohon su cire kawunan su matse su a jikin sabuwar roba. Ya dawo da murna, har da tsarabar burodi. Ba a jima ba tayar ta fara riƙewa. Ashe robar ta man tarakta ce, man birki ya kumbura ta daga ciki. Ya koma wani shagon, suka duba kawunan tiyon suka ce sun cinye, ba za su ƙara ɗaukar matsa ba. Ga kaka ta yi, manoma na ta aike. Sai bakanike ya toshe layin wannan ƙafar da ƙusa, ya ce ƙafa uku ma sa tsayar da mota in an bi a hankali.

Kowa a gidan ya ji tsoro, amma wadda za ta iya hana shi ita ce ba za ta yi magana ba. Baba ɗan farin Iya ne. Ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon katanga. "Wancan" take ce masa. Daren da zai wayi gari ya fita, yana zaune a bakin ƙofarsa yana gyara fitila, sai Iya ta buɗe tatsuniya da murya fiye da ta kullum.

Ta ce wai an yi wani falke mai takarkari, wato san ɗaukar kaya, ɗaya tak, igiyar hancin san ta tsinke. Ya je wurin masu tufka, suka ce su igiyar raƙumi suke yi. Ya sa ta, hancin san ya kumbura. Ya je wani garin, suka ce su ta giwa suke yi. Da ya gaji, sai ya tsinko ciyawa ya murɗa ya zura, ya ɗora kaya ya kama hanya. A hanyar kuwa akwai gangara, a ƙarshen gangarar akwai kogi, san kuma ya kwana da ƙishirwa.

Nan ta tsaya ta tona wuta. Habu ya ce, "Sai ya faɗa ruwa!"

"Rufe mini baki, maigidan banza," in ji ta. "Bai faɗa ba. Da ya hango gangarar sai ya tuna akwai wata tsohuwa a garinsu da ba ta iya barci in yana kan hanya. Ya juya san ya koma gida, ya ɗaure shi, ya zauna har Allah ya kawo masu igiyar ƙwarai."

Mun ji haushi, don tatsuniyar da ba a cinye kowa ba ai ba tatsuniya ba ce a wurinmu. Sai muka ji muryar Baba daga bakin ƙofa.

"Habu, tambayi matarka, shi falken da ya zauna, me yaransa suka ci?"

Iya ta dubi wutar. Sannan ta ce, "Ka ce wa wancan, tatsuniyar ba ta faɗa ba."

Ba ta rufe tatsuniyar ba, ba ta raba gyaɗar ba. Ta ce mu tashi, hayaƙi ya shigar mata ido.

Baba ya fita da asuba. Ya yi ta fita yana dawowa, har muka saki jiki. Rannan, yana tahowa daga Kabo da lodin dawa, shanu suka tsallako masa a wata gangara. Ya taka birki, ƙafa uku suka kama, motar ta fizge gefe guda ta faɗa kwari. Ya rayu, amma ƙafarsa ta dama ba ta ƙara miƙewa ba, bai kuma sake tuƙi ba. Da aka kai Iya asibiti duba shi, a bakin ƙofa ta tsaya, ta tambayi wata ma'aikaciya yaya mai jikin.

Na yi shekaru ina jin haushinta. Ina cewa da ta ajiye kunyar nan dare ɗaya, ta dube shi ta ce kada ka fita, da bai fita ba.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, aka hana mata hawa acaɓa, duk wata tsohuwar bas ta sami kasuwa. Habu ya sami guda yana jigilar mata. Na shiga wata rana, na ga sai ya buga birki da ƙafa a kai a kai kafin ta tsaya. Da muka sauka na tsare shi. Ya ce tiyon haɗi ne, yana yoyo, ya zaga masu haɗawa duk irin robar ke nan. Ni babu wata kunya tsakanina da shi. Na kira sunansa, na tuna masa ƙafar Baba, na yi kuka a gaban fasinjoji, na ce ya ajiye motar nan don Allah.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Na ji, Yaya. Ki sa ni a addu'a." Ya ƙara man birki daga wata 'yar kwalba, ya ta da mota.

Ina tsaye a bakin titi na yafe wa Iya. Ashe ta faɗa, kuma Baba ya ji sarai. Abin da yaran falken za su ci ne ba ta da shi, ni ma kuma ba ni da shi.