Shekarar da Aka Sayar da Jaridar Gidanmu

Maƙwabciyata tana yin taliyar murji ta sayarwa. Duk safiya idan ta kafa injinta a kan benci ta fara murza hannun, sai ƙarar ta tsallako katanga ta same ni a inda nake shan koko. Ita ba ta san abin da take taso mini ba. Da irin wannan ƙarar na tashi a Jibiya, sai dai namu injin jarida yake fitarwa.

Kada ka ji na ce jarida ka zaci wani babban abu. Falle ɗaya ce babba, a ninke ta ta zama shafi huɗu, tana fitowa sau ɗaya a mako, ana gobe kasuwa. Babana, wanda ya taɓa koyarwa a firamare, shi ke buga shafukan boko da tafireta. Baffana, ƙanensa, shi ke rubuta na ajami da wani alƙalamin ƙarfe a kan takarda mai kaki irin na zuma, saboda mutanen ƙetaren iyaka, waɗanda har lokacin muke ce wa mutanen Faransa, yawancinsu ajami suka iya. Sai a ɗaura takardar a jikin injin, a shafa tawada, a yi ta murzawa har kafaɗa ta yi tsami. A ɗakin da ke jikin zaurenmu ake wannan aiki, kuma warin tawada da kananzir ya kama komai na gidan, har tuwonmu.

Abin da ke ciki shi ne abin da ke bakin mutane. Farashin gero da wake, wanda ya dawo daga Makka a Farfaru, inda ruwa ya cinye hanya wajen Gangara. Direbobin manyan motoci, da suke kira kamyo, su ke ɗaukar ƙunshi su wuce da shi Maraɗi, kuma an ce ma'aikatan duwan, wato kwastan na can, ba sa barin mota ta wuce sai sun zari tasu. Shafi na huɗu kuwa na cigiya ne. Da farko jakuna da tumaki ake cigiya. Da aka yi farin nan da ya kashe dabbobi a arewa, mutane suka riƙa kwararowa ta garinmu, sai shafin ya koma na mutane.

Ina aji huɗu wata ƙawata ta tambaye ni, jaridar nan ta babanki ce ko ta baffanki? Ban taɓa tunanin abin ba. Na san mai gona, na san mai jaki, amma mai jarida, me ya mallaka? Na tambayi Baba, ya ce ta masu karanta ta ce. Na tambayi Baffa, ya yi dariya ya ce in je in tambayi wadda ta sayar da shanunta. A ranar na san cewa Kaka, mahaifiyarsu, ita ta sayi injin. Tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba, boko ko ajami. Duk ranar da aka buga, sai ta sa a kawo mata ta farko, ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini ta ce, "Mi ta ce yau?" Ni ce mai karanta wa matan gida, a gindin dalbejiyar tsakar gida, bayan la'asar.

A cikin bazarar wata shekara Kaka ta dawo daga kasuwa da wata mata da 'yar yarinyarta. Doguwa ce, siririya, ƙafafunta duk sun tsattsage. Daga can arewa da Maraɗi ta fito. Mijinta ya yi gaba da ragowar shanunsu uku, ya ce ta same shi a Jibiya, ta zo ta tarar babu wanda ya san shi. Kaka ta ba ta ɗakin da ake ajiye dawa, ta zauna tana taya mu surfe da daka. Mu yara muna ce mata Gwaggo baƙuwa.

Baffa ya rubuta cigiyarta da ajami, Baba ya buga da boko. Sunan mutumin, sunan garinsu, sannan kamanninsa: dogo, da tabon ƙaho a haɓa. Duk mako tana fitowa, duk mako ina karanta mata. Takan ajiye taɓarya ta tsuguna kusa da ni, ta zuba wa yatsana ido har in kai ƙarshe, sannan ta ce, "To, shina nan dai," ta koma turminta. Bazara ta wuce, damina ta sauka, gero ya kai gwiwa. Babu amsa.

Lokacin ne kuma kuɗin man fetur suka fara isowa har bakin iyaka. Ma'aikata sun sami ƙarin albashi, gari ya cika da sababbin babura da rediyo, ana ta sauke siminti a tasha. Wata rana wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, mutum biyu suka fito da manyan riguna masu sitaci. Daga wani kamfanin buga jaridu na Kaduna suke. Sun riga sun sayi ƙananan jaridu a garuruwa uku, suna son tamu ta zama ta huɗu, domin suna son masu karatu na ƙetare. Da za su tafi suka bar jaridun nan uku a zaure don a gani.

Na kwashe su na shimfiɗa a kan tabarma, ɗaya kusa da ɗaya. Takardarsu sumul, ga hotuna, ga tawadar da ba ta ɓata hannu. Sunayensu daban-daban, kowace da garinta. Amma da na fara karantawa sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Labarin shafin farko ɗaya ne a duka ukun, hoto ɗaya, har kuskuren wata kalma ɗaya ne. Na ruga na nuna wa Baba, ina zaton na kama wasu da satar amsa.

"Ba sata ba ce," in ji shi. "Mai su ɗaya ne."

Na daɗe ina juya maganar. Idan mutum ɗaya ke magana, don me zai yi da baki uku?

Daga ranar gidan ya rabu biyu. Baba yana son a sayar. Ya ce takarda ta yi tsada, injin ya tsufa, samari hotuna suke so da labarin ƙwallo, kuma in ba a sayar ba mutanen nan za su kawo tasu su jibge a tasha, tamu ta mutu a tsaye. Baffa ya ce kamfanin ba shi da mai rubuta ajami, ba ya kuma neman sa, to rabin masu karatunmu an rufe musu ido ke nan. Kwano ɗaya suke ci tun suna yara, amma a makon nan kowa aka kai masa nasa.

Magana ta koma gaban Kaka. Baba ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma kallonsa idan tana magana. Ta zauna a kan tabarma ta fuskanci Baffa, alhali kowa ya san da wa take.

"Ka tambayi wancan, in sun saya, mi sunka saya? Injin?"

"Ba su son injin, Inna," in ji Baba, kansa a ƙasa. "Sunan suke so."

"Mutum shina sayen suna? To in sun tahi da sunan, mu mi za mu kira kanmu?"

Ta daɗe tana murza carbinta. Daga baya ta ce ita ba ta san takarda ba, wanda ya yi boko shi ya san inda duniya ta dosa, a sayar. Amma da sharaɗi ɗaya: duk cigiyar da ke shafi na huɗu su ɗauke ta su buga a tasu. Mutanen Kaduna suka ce wannan ai ba komai ba ne. Baffa ya tashi ya fita, bai ko sa takalmi daidai ba.

Sabuwar jaridar ta iso cikin motar kamfani, shafi goma sha shida. Sunansu babba a sama, namu ƙarami a ƙarƙashi. Labarin Jibiya bai kai tafin hannu ba. Na yi ta bincike har na gano cigiyar a can ciki, da ƙananan baƙaƙe, boko zalla. Na karanta wa Gwaggo baƙuwa, ta ce, "To, shina nan dai."

Mako na biyu babu. Na duba shafi-shafi sau uku. A gurbinta tallar rediyo aka sa. Ga Gwaggo baƙuwa kuma ta ajiye taɓarya ta tsuguna. Sai na ɗora yatsana a kan tallar, na karanto cigiyar da ka, don na riga na haddace ta. Haka na yi mako uku.

Kaka ce ta kama ni. Ta kira ni ɗakinta ta ce in murza mata taba, ina cikin murzawa ta ce, "Ke, yaushe mijin baiwar Allah ya koma rediyo? Ban san baƙi ba, amma na san hoto." Ba ta dake ni ba. Ta ce in je in faɗa mata gaskiya da bakina.

Na same ta tana tsince wake. Na faɗa mata, ina kuka. Ba ta ɗago ba sai da ta gama abin da ke faifan.

"Na sani, ɗiyata," ta ce. "Tun makon hwarko. Kin hwaɗi tabon kahin sunan garinmu, takarda kuwa ba ta juya magana." Ta zuba wani waken. "Amma ki ci gaba. Ina son in ji sunanshi a bakin wani."

Na ci gaba, ba tare da jarida a hannu ba.

Ana cikin yankan gero wasiƙa ta zo. An aika ta ofishin kamfanin a Kaduna, ta yi makonni a can, sannan suka turo wa Baba, wanda a lokacin ya zama wakilinsu, har sun ba shi babur. Daga Ikko take, daga mijin Gwaggo baƙuwa. Shanun sun mutu a hanya kafin ya iso Jibiya, kunya ta hana shi tsayawa, ya bi motar goro ya yi kudu, ya sami aikin gadi a inda ake gina wani dogon bene. Wani abokin aikinsa mai boko ne ya ga cigiyar, a wancan bugu ɗaya tak, ya dubi haɓarsa ya tambaye shi sunan garinsu. Baba ne ya karanta wasiƙar a tsakar gida. Gwaggo baƙuwa ta zauna a ƙasa daɓas, ta jawo 'yarta ta rungume. Bayan sati biyu muka raka su tasha. Kaka ta ƙulla mata kuka da daddawa, ta ce ta ji an ce can ba su da miyar kirki.

Ka zaci wannan zai kashe gardamar? Ƙara mata wuta ya yi. Baba ya ce watanni muka yi muna bugawa ba ta wuce Maraɗi da Katsina ba, su kuwa bugu ɗaya ya kai bakin teku. Baffa ya ce bugu ɗayan ma don tsohuwa ta tilasta ne, kuma a tambaye su ina na biyu. Ni da nake tsakiya, duk wanda ya yi magana sai in ga shi ke da gaskiya. Sun shekara ba su haɗa kwano ba. Baffa ya koma gonarsa ta wajen Kusa, ranar kasuwa kuma yakan zauna a tasha yana rubuta wa mutane wasiƙu. Baba ya ci gaba da aika labarai masu tsawo, suna fitowa layi huɗu. Bayan wasu shekaru aka cire sunanmu daga ƙarƙashin nasu, daga baya su ma wani ya haɗiye su. Injin ya yi tsatsa a ɗakin zaure, kaji suna ƙwai a bayansa.

Yanzu na yi ritaya daga koyarwa, jikokina a waya suke karanta labari. Idan yaro ya ɓata a Jibiya da hantsi, kafin azahar hotonsa ya kai Ikko, da boko, da murya, har wanda bai iya karatu ba ya ji. Nakan tambaye su wa ke da wannan abu da kuke aikawa ta cikinsa. Sai su dube ni, su ce wani ne a can wata ƙasa. Ba su san shi ba, ba su kuma damu ba. Ni har yau ina son in sani.

Da Baffa ya rasu aka ba ni akwatin takardunsa, don ni kaɗai na rage a gidan mai iya ajami. A ƙasan akwatin na tarar da wani ƙunshi ɗaure da zaren buhu. Ashe bayan an sayar da jaridar mutane ba su daina zuwa ba. Suna tsallako iyaka su tambayi gidan masu cigiya, a nuna musu shi a tasha. Bai taɓa ce wa kowa ya daina ba. Yakan rubuta suna da gari da kamanni kamar yadda ya saba, ya kwafa ya ba direbobi su tafi da shi duk inda suka nufa, ya ajiye ɗaya a wurinsa. Ƙunshin ya kai kaurin tubali. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi kwana huɗu. A gefen guda uku ya rubuta "an gamu" da jar tawada. Sauran suna nan a wurina, gefensu fari.