Mai Jegon da Muka Ɓoye a Taba

Kafin a rufe mana makaranta, malamarmu ta Turanci ta ara mini wani littafin labari a kan matan ƙasar Italiya lokacin babban yaƙi, sa'ad da sojojin wata ƙasa suka mamaye garuruwansu. Mata ne kamar kowa, masu wankau da masu gasa burodi, suna ɓoye mutane a ɗakin ajiya, suna wuce soja a kan keke da saƙo a ƙarƙashin kayan miya. Na karanta shi a ɗakin kwananmu a Zariya ina ta jin daɗi, ina cewa a raina da ni ce da na yi fiye da haka. Ko mayar da littafin ban yi ba rikici ya tashi, aka shiga farautar mutanen Gabas, aka ce kowace ɗaliba ta tafi gidansu. Na dawo Taba, kusa da Kudan, damina na ƙarewa, rake ya fi mutum tsayi.

Gwaggo, yayar babanmu, ungozoma ce, kuma tsohuwa ce, babu mai tambayarta inda za ta. Wata rana da azahar ta shigo gida tana jan jaki, a kansa wata mace lulluɓe har fuska, ita kuma Gwaggo da jariri a baya. Sai da suka shiga ɗaki ta yaye lulluɓin, na gane matar. Matar mai injin niƙa ce na Makarfi, mutanen Gabas ne ita da mijin. Gwaggo ce ta karɓi haihuwarta kwanaki kaɗan kafin nan. An ƙona injin, mijin ya fita neman mota bai dawo ba.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, kin san abin da kika ɗauko mana kuwa?"

Ta ce, "Mai jego na ɗauko. 'Yar ƙanwar marigayi mijina ce daga Janfalan, uwarta ta rasu, ta zo wankan gida wurina. An yi suna a can. Duk wanda ya tambaye ka, abin da za ka faɗa ke nan."

"In aka yi mata magana fa? Hausarta ta kasuwa ce."

"Haihuwar fari ce. Ka taɓa ganin mai ɗan fari tana surutu?"

Dabarar ke nan gaba ɗaya. A wurinmu mace mai ɗan fari kunya take yi. Ba ta ɗaga kai gaban mutane, ba ta amsa barka sai da gyaɗa kai, ba ta kallon ɗan, sai an matsa mata take ba shi nono. Gwaggo ta juyo ta dube ni. "Ke 'yar boko, yau karatunki zai yi rana. Gaya mata da Turancin naku."

Na gaya mata. Da na zo kan cewa kada ta rungumi ɗanta gaban mutane, kada ta yi masa waƙa, sai ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Shi kaɗai ya rage mini." Ban fassara wa Gwaggo wannan ba.

Washegari mata suka fara zuwa barka. Mai jegon ta zauna a ƙurya ta sunkuyar da kai, ni kuma ina zaune kusa da ita. Jaririn ya tsala kuka, kafin in ankara ta miƙa hannu biyu ta fizge shi daga cinyar wata ta manna a ƙirji. Matan suka dubi juna. Iya, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, wadda ɗanta yana cikin samarin da ke yawo da gora suna bincike, ta karɓe yaron a hankali ta ce, "Kai, 'yan matan Janfalan ba kunya! Ajiye shi, 'yar nan, ana kallonki." Aka yi dariya. Ni na tabbata Iya ta gane, wataƙila duk sun gane. Babu wadda ta ce uffan, a ranar ko bayanta.

Amma wanda ya ce yana da mai jego a gida dole a ga hayaƙi. Safe da yamma sai an ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa, a fyaɗa mata shi a jiki da ganyen dogon yaro. Sai ta kwanta a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa, ta sha kunun kanwa ƙwarya guda. Samarin nan suna zama a gindin tsamiyar da ke kallon gidanmu. Rannan ɗan Iya ya ɗaga murya ta kan katanga ya ce, "Gwaggo, baƙuwar taku ba ta gaisuwa ne?" Gwaggo ta ce, "Ja'iri, uwarka ta gaishe da wa lokacin da ta haifi yayanka? Je ka samo mana itace in kana son lada." Ya kuwa kawo, dami guda.

Mai jegon ba ta taɓa irin wannan wanka ba. Ranar farko ta cusa bakin zane a baki don kada ihunta ya fito da yarensu. Ni ce mai miƙa ruwa. Ta riƙe mini hannu tana cewa in roƙi Mama, haka take kiran Gwaggo, a surka. Gwaggo ta kan surka in mu kaɗai ne, amma da wuya mu kasance mu kaɗai, kullum akwai wata tsohuwa da ta zo taya aiki tana sa yatsa a ruwan tana cewa bai yi ba.

Bayan ɗan lokaci ƙafafun mai jegon suka fara kumbura. In na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta daina iya kwanciya, sai dai ta jingina da bango tana jan numfashi, tana tari. Ta ce mini zuciyarta na gudu kamar ta hau tudu da tulu a kai. Ta ce kunun nan da zafin nan ne, tana ji a jikinta.

Na gaya wa Gwaggo. Ta duba ƙafar, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Sanyi ne ya shige ta. Ta kwana cikin rake da ɗanyen jiki kafin in same ta. Sai an ƙara wuta."

"Gwaggo, ta ce wutar ce."

"Ita ta sani ko ni? Na wanke uwarki, na wanke matan garin nan."

Ba faɗa ta yi mini ba, idonta cike yake da ƙwalla. Abin da ta sani ke nan, da shi take son ta cece ta. Ni kuma abin da na sani bai wuce darasin kiwon lafiya ba, inda aka ce mana kumburi da sarƙewar numfashi sai likita. Ban san sunan ciwon ba, ban san maganinsa ba, ban ma tabbata wa ke da gaskiya a cikinsu ba.

Na je na durƙusa gaban Baba a zaure na ce a kai ta asibiti. Ya ce wanne? Malamin ɗakin shan magani na Makarfi mutumin Gabas ne, ya gudu, an rufe wurin da kwaɗo. Na Ikara ma haka aka ce. Sai Zariya, hanyar Zariya kuwa ana tare motoci, a sauke mutane, a ce kowa ya yi magana a ji harshensa.

Na ce, "Baba, sai mu ce kunya take yi."

Ya ce, "A cikin ɗakin mata wannan ke aiki, uwata. A kan titi babu mai jin kunyar kowa. Kuma in aka gano ta, ke da Gwaggonki da yaron duk kuna cikin motar."

Na tuna matan littafin nan da kekunansu. Su kullum akwai wata ƙofar baya, akwai wani likita nasu a ƙauyen gaba. Na zauna na bi duk mutanen da na sani a raina, ɗaya bayan ɗaya, ban sami kowa ba. Abin da na iya kawai shi ne in zubar da rabin kunun a bayan rumbu, in janye garwashi in babu ido. Har Iya ta kama ni sau ɗaya, ta ce, "'Yar boko, kashe ta za ki yi?" ta mayar da garwashin da hannunta.

Ran da ta rasu hantsi ne, ba kowa a ɗakin sai ni. Ta ce in miƙo mata yaron tunda babu masu kallo. Na ɗora mata shi a ƙirji ina tallafe da shi, don hannunta ba ƙarfi. Ta fara yi masa wata waƙa da yarensu can ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana neman iska. Ban hana ta ba. Ta ce in mijinta ya zo nemanta in ce masa ba a wulaƙanta ta ba. Na ce to. Ta sake jan waƙar, ba ta kai ƙarshe ba.

Ni na riƙe wa Gwaggo buta wajen wankan gawa. A ƙugunta muka ga ɗan ƙaramin gicciye ɗaure da zare. Gwaggo ta dube shi, ta dube ni, ta ja likkafani ta rufe. Ta ce, "Ban gani ba, ke ma ba ki gani ba. Allah ya san baiwarsa."

Maza suka yi mata salla a ƙofar gida a matsayin 'yar Janfalan, suka ɗauke ta. Mu mata muka tsaya a tsakar gida. Na san addu'ar da Kiristocin ajinmu suke yi, na sha jinta har na haddace, amma ban yi ta ba, don ban san ko ya halatta in yi ba.

An buɗe makaranta tuni, ban koma ba tukuna. Yaron yana wurin matar yayana, tana shayar da shi tare da nata. Mijin bai zo ba. Duk wanda ya fito daga Makarfi sai na tsaya a bayan zana ina sauraron hirarsa da Baba, ko zai ambaci mai injin niƙa, amma tambaya ba na iya yi.