Zuwa Tabla Gyaran Muryar da ta Tsage

Filinge

Mun tashi bayan sallar asuba, ni da Kawu Idi, taurari ba su gama ɓacewa ba. Kawu tsohon ma'aikacin sadarwa ne. Shi da abokansa masu sha'awar rediyo suka kafa wata na'ura a kan tudu wajen Tabla, suna ce mata rele: tana karɓar magana daga ƙananan rediyoyin hannu, ta miƙa ta ƙauyukan da rezo, wato sabis ɗin wayar salula, ba ya kaiwa. Tun farkon watan nan duk muryar da ta bi ta ciki sai ta fito a tsattsage, kamar ana yaga sabon yadi.

Wadda abin ya fi damu ita ce Gwaggo Hajo. Irin geron gidanmu duka yana ɗakinta, gonar kuma tana can arewa wajen Abala, hannun ƙanenta Baffa Alu. An yi ruwa, amma ba a san ko ya isa shuka ba. In aka zuba iri a kan yayyafi ya tsiro ya ƙone, babu wani. Motar ƙauyen kuwa sai ranar kasuwa, wato gobe.

"Ku gyara mini bakin Alu," in ji ta. "Ni dai kururuwa nika ji, ban jin magana."

Hanya

A shingen jandarmomi aka duba katinmu, aka buɗe jakar Kawu. Da suka ga wayoyi sai tambaya ta yi tsawo, har ya nuna takardar izini. Daga nan muka bi kwari, goriba na tsaye jefi-jefi, ƙasa ta yi duhu tana ƙamshin ruwa. Na jingina kai da tagar mota ina tunanin muryoyin da ke wucewa ta samanmu ba mu gani.

Tabla

Da hantsi muka sauka. Malam Sani, ladanin unguwa, shi ke riƙe da makullin ɗakin rele. Sai da muka sha fura muka ci kopto, wato kwaɗon zogale, ya yarda muka hau tudu.

Kawu ya fara da batir, lafiya lau. Farantin hasken rana, wayar eriya, duk ƙalau. Sai ya ba ni rediyon hannu, ya ce in yi magana a hankali. Muryata ta fito sumul. Ya ce in ɗaga, nan take ta tarwatse, allurar ma'aunin sauti da ke jikin na'urar ta buga ƙarshe.

Ya buɗe murfin na'urar ya leƙa wani ɗan dunƙule da ake murzawa.

"Malam, wa ya taɓa nan?"

"Ni na, Alhaji. Mutanen Abala sun ce ba su ji sosai, sai na ƙure shi kamar yadda nika wa lasifikar masallaci."

"Kai ladan! Ashe kiran salla kaka so ka aika Abala?"

Suka yi dariya har Malam ya share hawaye. Kawu ya bayyana mana cewa muryar rediyo tana da iyakar faɗinta kamar burtali. In ta fi ƙarfinsa, gefe da gefe ake yankewa, ba nisa take ƙarawa ba. Ya kunna wani sauti mai tsayi ɗaya, ya miƙo mini turnabis, ɗan ƙarfen murza dunƙulen.

"Sannu-sannu, ɗiyata."

Na riƙa murzawa baya har allurar ta sauko ta zauna inda ya nuna.

Muka kira Baffa Alu. Ya amsa da irin muryar da yake kiran mutane daga ƙarshen gona. Kawu ya ce ya janye rediyon daga bakinsa, ya yi magana kamar suna tabarma ɗaya. Sai ga Baffa sak, har kukan zakaransa.

Gida

Mun iso Filinge la'asar sakaliya. Kawu ya ajiye rediyon a cinyar Gwaggo. Aka gaisa, aka tambayi kowa da kowa, sannan ta ce, "Alu, ruwan hwa?"

"Yaya, na tona da hannuna. Laima har gwiwar hannu."

Gwaggo ta miƙe ta shiga ɗaki, muka ji tana jan buhu.

"Ke, zo ki kama mini, ki bar tsayuwa kina murmushi!"

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu, mun gode wa Malam Sani da iyalinsa. Kafin magariba irin yana zaure a ɗaure, yana jiran motar safe.