Zubair da Faifan da Aka Ce Ya Mutu

Zubair mutumin Kambaza ne. Shekara tara ya yi yana gyara wa masu noman albasa injin ban-ruwa kafin ya taɓa kwamfuta. Da ɗalibai suka cika Kalgo sai ya kama shago, ya fara da buga takardu, a hankali ya koyi buɗe cikin kwamfuta da kansa. Ɗabi'a ɗaya ya taho da ita daga fadama: ba ya cewa inji ya lalace sai ya ɗora masa sukuddireba ya kara kunne. Ɗalibai na yi masa dariya a kan haka, shi ma yana taya su.

A shagon ya ba ni labarin Hajiya Halimatusa'adiya ta Gwandu. Mahaifinta malami ne, ya rasu ya bar littattafan da ya rubuta da hannunsa. Shekarun baya an ɗauki hoton kowane shafi an zuba a faifan ajiya guda. Daga baya gara ta shiga akwatin littattafan ta cinye su, sai faifan kaɗai ya rage.

Hotunan ba sa buɗuwa sai da wata tsohuwar manhaja wadda sababbin kwamfutoci ba sa ɗauka. Lukuman, ɗan ƙanenta da ke karatun kwamfuta, ya san dabarar. Ya kafa wata kwamfuta marar jiki a cikin tasa, irin wadda suke kira baƙuwa, ya sa tsohuwar manhajar a ciki, sannan ya jona faifan da waya ya miƙa mata shi kai tsaye. Ƙananan fayiloli suka fito lafiya, amma da ya taɓa babban kundin hotunan sai aiki ya tsaya. A gida aka ce zafi ne, aka naɗe faifan a leda aka jingina shi da randa kwana biyu. Bai sauya ba. Lukuman ya ce faifai ya mutu, a yi haƙuri.

Hajiya ba ta haƙura ba. Ta hau mota da safe ta zo Kalgo, Lukuman na biye da faifan da kwamfutarsa yana gunaguni.

Zubair ya jona faifan, ya ɗora sukuddireba, ya saurara.

"Gwaggo, ga bakaniken naki shina auna mai ciwon zuciya," in ji Lukuman.

"Bar shi. Kai da karatun naka mi kay yi?"

Zubair ya ce faifan da zai mutu yakan yi ƙas-ƙas, wannan kuwa lafiya lau yake juyawa. Ya tambayi Lukuman daga wane girma fayil ke fara gardama, suka gwada ɗaya bayan ɗaya har azahar. Sannan ya duba a ainihin kwamfutar Lukuman, wadda baƙuwar ke cikinta, ya ga hanyar da aka jona faifan ba ta wuce kilobait ɗari da ashirin a ɗauka ɗaya. Baƙuwar ba ta san da wannan iyaka ba, tana neman ninkin hakan sau huɗu a lokaci guda, hanyar kuma tana ƙi.

"Babban inji ka ɗaura wa siririn tiyo," ya ce wa Lukuman. "Ruwa na nan a rijiya. Rage wa baƙuwar wuta."

Lukuman ya jawo kujera. Shi ya fi sanin inda ake rubuta umarnin, don haka shi ya ƙayyade wa baƙuwar kilobait sittin da huɗu. Suka sake taɓa kundin. Layin da ke nuna tafiyar aiki ya wuce inda ya saba tsayawa, ya ci gaba, bai tsaya ba sai ƙarshe.

Shafi dubu da ɗari uku suka fito, babu wanda ya ɓata. Hajiya ta sa tabarau ta matso. Ta ce a yi ta wucewa, a yi ta wucewa, sai ta ɗaga hannu. A gefen wani shafi Malam ya rubuta da ƙaramin alƙalami cewa Allah Ya ba shi ɗiya ranar Laraba, bayan la'asar.

"Ni ce wagga," ta ce. "Zubairu, buga mani shafin a takarda, in tahi da ita gida."