Kan Saniya da Fim ɗin Tsibiri

Ana idar da sallar asuba muka bar garin Springfield, ni da maiɗakina, za mu wani ɗan tsibiri a jihar Maryland inda ake nuna finafinai ranar Asabar. Sai da muka hau titi ta ce mu biya garin Clinton mu ɗauki ƙawarta. Muna isa na hango ƙawar tsaye da mijinta, abokina ɗan Maraɗi mai tuƙa tasi, wanda wata bakwai ko gaisawa ba ma yi. Dalilin ma abin kunya ne. Watandar saniya muka yi a wata gona, ya tafi da kai da ƙafa bai shawarce ni ba, ni kuma na yaɓa masa baƙar magana a gaban mutane. Ashe matan nan sun haɗa baki.

Awa uku muna tafiya. Muka haye doguwar gadar nan da ba a son leƙa ƙasanta, muka ratsa gonakin masara. Matan na baya suna hira, mu biyu kowa ya ƙura wa titi ido. Daga nan muka shiga jirgin ruwa. Kuɗinsa akwai tsada, amma iskar teku ta wanke min rai.

Tsibirin, rabin awa ka zagaye shi da ƙafa. Ƙananan motocin batir ne ke yawo, duk wanda ya wuce sai ya ɗaga maka hannu. Aka kawo mana ƙaguwa da 'yar guduma, na sha fama kamar mai fasa ƙwallon goruba, naman bai kai loma biyu ba.

A zauren coci aka nuna fim ɗin. Wasu masunta biyu ne a wani tsibiri, shekara ashirin suna gaba a kan igiya. Wannan ya huda jirgin wancan, wancan ya aske tumakin wannan. Muna ta dariya har ɗayan ya mutu. Aka duba garin, majiya ƙarfi huɗu ne kacal har da abokin gabar tasa. Dole ya ɗauki akwatin gawar, yana tafe yana zagin mamacin yana kuka. Zauren ya kece da dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi. A cikin Hausawanmu na nan, in aka yi rasuwa, abokin nan nawa da ke gefena shi ke wankan gawa.

A jirgin dawowa na matsa kusa da shi na ce, "Alhaji, in na riga ka, za ka wanke ni?"

Ya ce, "To wa kake da shi? Kan saniyar ma yana firiza, na kasa ci."

Bayan magariba muka iso gida. Na gode wa Allah, na gode wa matan nan da suka fi mu hankali, domin na gane mu ma a tsibiri muke, yawanmu bai kai na yin gaba ba. Washegari matarsa ta yi farfesun kan, muka ci a kwano ɗaya. Ya ɗan yi warin firiza, amma ko romo ba mu rage ba.