Ƙasar da Aka Hana Dunƙule Hannu

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a Birnin Gwari, abokina malamin Turanci, ɗan kudancin Kaduna, ya ara mini wani littafi. Labarin wata ƙasa ce da masu mulkinta suka haramta dunƙule hannu. Kowa tafin hannunsa a buɗe yake yawo, don a dokarsu duk wanda ya dunƙule, to laifi yake ɓoyewa. Jama'a, littafin nan ya tafi da ni! Har a kan acaɓa, a hanyar zuwa garinmu, sai da na buɗe shi, mai babur ya ce in ina so mu isa Kuyello da haƙoranmu, in mayar da shi jaka.

Na tarar da mahaifiyata tana ɓare masara a tsakar gida. Ko ruwa ban sha ba na baje, ina karantawa ina juya mata da Hausa. Muka zo inda aka kama wani maƙeri, wanda riƙon guduma ya sa yatsunsa suka ƙi miƙewa. Ni kuwa ga daɗin baki, na shiga fashin baƙi, wai marubucin yana nuna yadda ake mayar da jikin mutum mai ba da shaida a kansa. Sai na ji an mintsine ni a cinya. Mahaifiyata ce, ta nuna mini zana da baki.

Na manta shaf, kawuna yana kwance a bayan zanar. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa kama shi, ya tashi, amma hannun dama ya dunƙule ya ƙi buɗuwa. Da yake shi ne mai sasanta manoma da makiyaya in shanu sun yi ɓarna, sai gari ya ɗauka wai alhakin wani ne ya kama hannun. Tun daga nan ya daina zuwa kasuwa. Ko baƙo ya zo, hannun yana cikin riga. Mutumin da a da ba ya wuce ko yaro bai ba shi hannu ba.

Kunya ta rufe ni. Na kife littafin ina kame-kame, sai na ji muryar Kawu daga bayan zanar.

"Ɗan nan, wa ya ce ka tsaya? Ci gaba, ina ji."

Haka muka ja har bayan la'asar, shi ma ya jawo tabarmarsa ya fito. A ƙarshen labarin, ranar da za a hukunta maƙerin, mutanen gari kaf suka fito kowa hannunsa a dunƙule, dakaru suka rasa wanda za su kama. Mahaifiyata ta yar da masara ta rangaɗa guɗa, kaji suka watse.

Kawu bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko maƙerin ya yi laifin ko bai yi ba. Na duba gaba, na duba baya, na ce littafin bai faɗa ba, hasali ma babu wanda ya tambaye shi.

Ya jima yana kaɗa kai. "Ni ma babu wanda ya tambaye ni."

Ranar kasuwa sai ga shi ya ci kwalliya, wai in ari babur in kai shi. Muna sauka ya zaro hannun ya miƙa wa wani mai sayar da dawa. Mutumin ya yi turus, sannan ya kama da hannu biyu. Daga nan Kawu ya bi rumfa-rumfa yana gaisawa, ni ina biye da shi baki har kunne, kamar ni na rubuta littafin.

Tun daga lokacin, in na ji ana cewa ciwon wane alhaki ne, sai in ji raina ya ɓaci. Ciwo jarrabawa ce, mu ne muke ɗora masa shari'a, alhali ba a naɗa mu alƙalai ba. Hannun Kawu bai buɗe ba har Allah ya karɓi abinsa, amma bai sake komawa cikin riga ba.